Kazar na ɗaya: ya kuke yi a gidajenku ranar karɓo rizal?

Uwar Huɗu: Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema don Allah kar a min dariya. Mu a gidanmu tun muna yara al'adar Babanmu ita ce ranar da aka ba da hutun ƙarshen shekara duk wanda ya zo na ɗaya zuwa na uku a ajinsu an yanka masa kaza kenan, shi zai ci cinyoyi biyu da ƙundu, sauran kuma sai romo da wuya da ƙafa. Abbansu ma haka aka yi a nasu gidan, sai muka ɗauko abin muka ɗora. To jibi Juma'a za a ba su rizal, babbar na san ba ta wuce na ɗaya ko na biyu, amma mai bi mata bara na 27 ya zo cikin yara 31 kuma bana ma ban ga wata alama ba. Bara da aka yanka kazar nan yaron bayan ƙofa ya shige ya ƙi cin komai har bayan isha'i, da na je lallashi ce min ya yi "Umma ni dama tsinto ni aka yi ko". Shekararsa 9 fa. Wlh maganar nan shekara guda tana cina. Na ce wa Abbansu bana a haƙura da kazar, ya ce ina, ai haka aka yi mana muka zama mutane. Ku ya kuke yi?

Baban 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Hajiya ki yi haƙuri amma ni ina bayan maigida. Ni nan da kike gani na taɓa zuwa na 19 ina zaune ina kallon yayana yana tauna cinya har da lumshe ido don ya ƙular da ni, shekarar da ta biyo na 4 na zo. Kowa ya yi da kyau zai ga da kyau. In aka raba daidai to ita yarinyar da ta hana idonta barci me aka gaya mata kenan?

Maman Ɗan Auta: Baban 'Yan Biyu kai ka zo na 4, wani kuma daga ranar ya tsani boko har abada, ai ba zuciya ɗaya Allah ya ba kowa ba

Baban 'Yan Biyu: To a daina ba da kyauta a makaranta ma kenan don kar wani ya yi kuka?

Maman Ɗan Auta: Makaranta daban gida daban. A makaranta an riga an kira sunan 'yar uwarsa an tafa mata, shi ya dawo gida inda zai samu sanyi kuma a sake kafa masa wata asambuli a kan tabarma, haba

Malama Ta Aji Huɗu: Bari in sa baki don shekarata 14 ina cike katin nan da hannuna. Iyaye da yawa ba su san yadda ake fitar da matsayin nan ba. A inda nake koyarwa gwaje-gwajen cikin zango maki 40 ne jarrabawa 60, a zango na uku kuma sai a haɗa na zango ukun gaba ɗaya a raba, shi ne ake jera yara. Wallahi akwai shekarar da tsakanin na ɗaya da na takwas a ajina bai kai maki uku ba, amma na takwas ya je gida aka zane shi, uwar ta zo min washegari tana huci. Kuma yaro in zazzaɓi ya kwantar da shi sati biyu a zango na farko lokacin sauro, shi kenan abin zai bi shi har Yuli ko da ya dawo ya dage. Shi ya sa makarantu da dama yanzu suka daina rubuta matsayi sai dai A B C, duk da iyaye suna zuwa suna matsa mana wai sai mun faɗa musu a kunne.

Sannan Uwar Huɗu ni na 27 ɗin nan ya fi damuna a kan kaza. Yaro ɗan shekara 9 in yana can ƙasa kullum, abu uku nake fara dubawa: yana iya karanta jimla shi kaɗai ba tare da an fara masa ba, yana ganin allo daga inda yake zaune, kuma yana ji sosai. Na taɓa samun yarinya da muka shekara muna ce mata mai wasa ashe allon ne ba ta gani, kwafar na kusa da ita take yi har da kuskurensa. Ki ɗauko littafinsa yau ki duba rubutun da ya kwafa daga allo.

Uwar Huɗu: Malama Allah ya saka da alheri, wlh ban taɓa kawo wannan a raina ba. Yana dai matsawa jikin talabijin sosai har muna masa faɗa

Malama Ta Aji Huɗu: Toh kin gani

Kawu Direba: Hhhh ku kuna maganar kaza, mu a zamaninmu addu'armu ita ce mu kwana lafiya. Hedimasta zai tara mu a fili ƙarƙashin darbejiya ya kira na ɗaya na biyu na uku a ba su littafi mai shafi 40 da fensir, sai kuma ya ce to yanzu ga manyan baƙi, ya kira ukun ƙarshe su fito gaba a yi musu ihu. Katin kuwa duk inda ka faɗi da jan biro ake rubutawa, nawa in ka buɗe kamar an yanka rago a ciki. Wani abokina ya sa reza ya kankare 1 ɗaya daga cikin 11 ya zama na 1, ya kai wa babansa aka yanka masa zakara, bai san malamin ajinmu sahu ɗaya suke sallar magariba da baban ba. Zakaran nan dai an riga an ci amma ya biya da bayansa

Maman Ɗan Auta: Kawu ka tabbata abokinka ne? 😂

Kawu Direba: 'Yar nan ki bar tone-tone

Hajiya Kaka: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce take rubuta min ina faɗa. Ni da UPE, shirin gwamnati na firamare kyauta ga kowa, aka sa ni makaranta, 1976, mai unguwa ne ya bi gida-gida yana rubuta yara. Mu bikin ƙarshen shekararmu tafiya ƙauye ne, ba wani abu ba. Ranar da aka ba da hutu da daddare Inna za ta ɗaure mana kayanmu a ɗankwali, ta sa sabulu da gishiri da kananzir da ɗan sukari na tsaraba, da asuba Baba ya kai mu tasha ya damƙa mu a hannun direban da ya sani. Muna isa kakarmu za ta rangaɗa guɗa tun daga zaure. Ita ba ta san na ɗaya ba ba ta san na ƙarshe ba, tambayarta guda ce, an wuce? In ka ce an wuce ta ce to madalla, in ka ce an maimaita ta ce aji ne ya ji daɗinka ya riƙe ka. Sai ta dafa mana ƙwan zabi, don damina ce lokacinsa ne, kowa biyu-biyu ba a bambanta.

Hutun nan kuwa ba na kwanciya ba ne. Maza suna gona ana maimai, mu mata mu kai abinci, mu tsinko rama da tafasa da yaɗiya a yi kwaɗo. In marka ta sauka kwana biyu ba rana sai a zauna a ɗaki ana gasa masara ana tatsuniya. Kafin mu dawo gero ya fara nuna a gasa mana tumu. Za mu dawo birni mun yi baƙi ƙirin da kaushi a ƙafa amma da buhun gyaɗa ɗanya da kaji biyu a kwando. To kazar da muke ci kenan, ta kowa da kowa.

Ke Uwar Huɗu, kada ki yi jayayya da mijinki a gaban yara a kan wannan. Ki same shi bayan ya ci ya ƙoshi. Kaza dai cinya biyu gare ta, Allah bai yi ta da guda ɗaya ba.

Uwar Huɗu: Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma da lafiya. In sha Allah haka zan yi

Baban 'Yan Biyu: Hajiya kun gama magana, amma ƙauyen nan fa yanzu ba kowa ke iya tura yaro ba. Mu namu yana yammacin Katsina, shekara huɗu rabon yarana da kwana can saboda halin da hanya take ciki, kakarsu ce ma muke ɗaukowa ta yi hutun tare da mu. Abin ya juye

Hajiya Kaka: Allah ya kawo mana zaman lafiya ɗana. Ko ita ɗin ta zo ai ƙauyen ne ya zo

'Yar Maraɗi: Sannunku. Mu nan Nijar lakwal a ƙarshen Yuni ake rufewa sai Oktoba a koma, wata uku cur, kuma daidai da damana ne don haka yaran karkara gona suke wucewa kai tsaye. Mu ba a cika tambayar na nawa ka zo ba, abin da ake tambaya ka samu mwayen? A kolej, wato ƙaramar sakandare, bisa 20 ake lissafi, in ka kai 10 ka tsira. Babban biki dai sai shekarar birbe, jarrabawar gama kolej, ko bak, ta gama babbar sakandare. Ranar da za a faɗi sakamako kowa ya taru a harabar lakwal ana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, kana tsaye cikinka na kaɗawa, wata ta faɗi sumammiya wani ya ruga da gudu har gida ba takalmi. Lokacin da na samu birbe tun kafin in iso gida labari ya riga ni, na tarar mata sun cika tsakar gida ana guɗa, Inna ta dama fura a babbar ƙwarya ana ta shigowa barka har dare. Amma maƙwabciyarmu da muka tafi tare ba a kira sunanta ba, gida da gida muke, tana jin guɗar nan ta katanga. Har yau in na tuna sai in ji wani iri, ita ce ma ta fi ni lissafi

Ɗan Zongo: Mu a Kumasi abin da muke da shi Awa De ne, ranar ƙarshe ta sukuu. Af, a wajenmu in ka ce makaranta ta allo ko Islamiyya kake nufi, ta boko sukuu muke cewa. Ranar ba yunifom, kowa ya sa kayan gida mai kyau, uwarka ta dafa maka jalof da kaza ko wake da shinkafa wanda nan ake ce ma waakye, ta sa a kwando da lemo da biskit ka ɗauka zuwa aji, a haɗa tebura a ci tare, a ɗiba ma ticha nasa. Ba ruwan kowa da wanda ya zo na nawa. Sai dai shi ma akwai ciwonsa, yaron da gidansu babu sai ka ga bai zo ba ranar, ko ya zo ya zauna can gefe. Mamata kullum tana ƙara kwano ɗaya ta ce na wanda bai kawo ba ne, kar ka tambaye shi dalili

Maman Ɗan Auta: Allah sarki, Allah ya saka wa Mama

Anti Tela: Tunda an zo maganar kuɗi bari in amayar da abin da ke raina. Ni wannan fatin giraduweshin na 'yan nazare shi ne ya ishe ni. Yarinya 'yar shekara 5 wai ta yi giraduweshin, daga ina zuwa ina? Daga wannan ajin zuwa na kusa da shi, ƙofa ɗaya ce tsakani. An aiko min takarda kuɗin fati daban kuɗin hayar gawun da hula daban kuɗin hoto daban, ga anko na iyaye mata, ga kek, na lissafa ya kusa rabin kuɗin makarantar zango guda. Kuma ni tela ce na san nawa ake ɗinka rigar nan, yadin ma na rufin kujera ne, shekara biyar ana ba da hayar guda ɗaya ko wanki ba a yi. In ka ce ba za ka biya ba yarinya ta dawo tana kuka an ce ba ta cikin masu rawa

Mai Makaranta: Anti a yi mana adalci. Rumfa da kujeru da lasifika da janareto da kyaututtukan yara duk kyauta ake ba mu? Kuma wallahi shekarar da muka ce ba za mu yi ba iyaye ne suka taso mana wai makarantar gaba da mu ta yi har da mai hoton bidiyo, wasu har suka cire yaransu. Ku ne kuke son abin sawa a sitatus, mu kuma a zage mu

Anti Tela: To ku yi na 'yan aji shida da 'yan SS3 mana waɗanda da gaske fita za su yi, wa ya hana? Ai ko a kudu wasu jihohin sun fara hana na 'yan nazare

Mai Makaranta: In gwamnati ta hana kowa da kowa ni zan fi kowa murna, amma ba zan daina ni kaɗai a kwashe min yara ba

Anti Tela: Kuɗin gawun ɗin fa, shi ma iyaye ne suka roƙa?

Admin: Jama'a a sassauta, kuma kar wanda ya kama sunan wata makaranta a nan. Tambayar Uwar Huɗu a kan gida ce

Malam Na Islamiyya: Ni abin da zan ƙara, mu da muka taso bikin karatu guda ɗaya muka sani, walimar sauka. Yaro ya shekara da shekaru yana wanke allo, ranar a yi masa zayyana a allon, ya sa sababbin kaya, ya karanta Fatiha da farkon Baƙara a gaban malamai da dattawan unguwa, a yanka abin da ya sawwaƙa a yi waina a raba har maƙwabta. Ba a cewa wane ya riga wane, kowa ranarsa tana zuwa, wani a shekara 12 wani sai ya yi gemu. Yanzu kuwa an bar wannan an koma yara maza da mata suna rubuce-rubuce da biron maka a jikin rigar juna ranar gama NECO suna yawo a Adaidaita suna ihu a titi, wai sayin awut. Wannan kam ba al'adarmu ba ce

Ɗan SS3: Malam da girmanku amma ba kowa ne yake abin banza ba. Mu maza zalla ne a makarantarmu, shekara shida muna kwana ɗaki ɗaya muna shan gari tare, wani daga Gumel wani daga Ɗambatta, wataƙila ba za mu sake haɗuwa ba. Rigar tana nan na ninke ta a akwati da sunan kowa da lambarsa. Da na dawo gida kuma Baba ya tara ƙannena ya yi min addu'a ya ba ni tsohuwar wayarsa, shi kenan bikin

Malam Na Islamiyya: In dai haka ne ɗana Allah ya yi albarka, ya ba da sakamako mai kyau. Da na titi nake

Na Kashin Baya: Tun ɗazu nake karantawa ina ta tunanin in yi magana ko in yi shiru. Uwar Huɗu ni ne yaronki shekara 25 da suka wuce. A gidanmu ba kaza ba ce, ɗinki ne, duk wanda ya yi ƙoƙari Baba zai kai shi Kwari ya zaɓi yadi da kansa, kuma a kai shi gidan zu ranar Asabar. Mu shida ne, sau ɗaya ban taɓa shiga motar nan ba. Ina tsaye a ƙofar gida za su wuce ƙanwata tana ɗago min hannu. Ba na cewa Baba mugu ne, Allah ya jiƙansa, shi a ganinsa zuga ni yake yi. Amma abin da ya koya min shi ne ɓoye kati, da cewa malam bai ba mu ba, da ƙin dawowa gida ranar hutu sai magariba.

Wanda ya cece ni kawuna ne, wani dogon hutu ya ce a ba shi ni in riƙa zama a shagonsa na gyaran rediyo. Ranar da na fara haɗa waya da kaina rediyo ta yi magana ya saya min tsire na naira ashirin ya ce ci kai kaɗai. Wallahi tsiren nan shi ne kyautar farko da aka taɓa ba ni don na iya wani abu. Yau ina da shagon gyaran waya a Farm Centre da yara bakwai a ƙarƙashina, rabinsu irina ne. A gidana yanzu ranar hutu kowa sai ya faɗi abu ɗaya da ya iya bana wanda bara bai iya ba, ko ɗaurin igiyar takalmi ne, sannan a ci abinci. Na ɗaya kuma ina ba ta kuɗi a ɗaki ni da ita

Baban 'Yan Biyu: Kai malam ka sa jikina ya yi sanyi. Amma dai ka ga kai ma kana ba na ɗayan wani abu, ba a tashi a tutar babu ba

Na Kashin Baya: Ina ba ta mana, haƙƙinta ne. A kan idon ɗan uwanta yana haɗiyar yawu ne ba na yi

Kawu Direba: Ni dai duk wanda zai yanka kaza jibi ya tuna da marayu irinmu masu jan biro

Uwar Huɗu: Slm 'yan gida, na dawo da rahoto kamar yadda aka yi ta tambayata ta inbos. Na bi shawarar Hajiya na same shi daren Alhamis bayan ya ci tuwo, na karanta masa abin da Na Kashin Baya ya rubuta, ya yi shiru can ya ce shi dai ba zai fasa yanka kaza ba, na ce ban ce ka fasa ba. Jiya aka karɓo, babbar ta zo na 2 ta shigo tana kumbure-kumbure wai an yi mata maguɗi da rabin maki, shi kuma gogan na 22, ya ɓoye katin a cikin riga sai da na lalubo. Abbansu ya jera katin bara da na bana a kan tabarma ya ce wannan ta sauka da ɗaya wannan ya hau da biyar, yanzu wa zan ba cinya? Yarinya ta ce wallahi ba a isa ba 😂 ƙarshe dai kowa ɗaya-ɗaya, ita aka ƙara mata ƙundu da dubu biyu, ƙananan biyu suka raba fukafukai. Har yanzu tana fushi da ni wai ni na shirya.

Malama na duba littafin kamar yadda kika ce, kalmomi rabi-rabi yake kwafowa wasu layukan ma babu su sam, na tsayar da shi bakin ƙofa na ce ya karanta min kalandar bango ya kasa, ƙanwarsa 'yar shekara 7 ta karanta tsaf daga wajen. Ashe a layin ƙarshe yake zama don yana da tsawo. Ina zan kai shi a duba idon don Allah, muna Kano

Malama Ta Aji Huɗu: Alhamdulillah da aka gano. Akwai asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, akwai kuma na Makka, ki yi sammako don layi. In an koma a Satumba ki je da kanki ki ce a dawo da shi gaba ko da gefe ne

Hajiya Kaka: Madalla 'yata. Ki gaishe min da mai cinya ɗaya, ki ce kaka ta ce ta yi haƙuri

Kawu Direba: Tambaya ɗaya ta rage, wuya da ƙafa wa ya ci?

Uwar Huɗu: Abbansu 😂